Farfelar Yaya Garba

Ranar sunan ɗiyar Nasiru na ji ɗayanku, ba zan faɗi ko wane ne ba, yana gaya wa baƙi cewa taurin kai ne ya mayar da Baffanku Garba Zurmi, wai an ba shi ɗaki da abinci a Kaura ya sa ƙafa ya shure. Na yi shiru saboda idon mutane, amma ranar ko naman sunan ban iya ci ba. Kun daɗe kuna wannan magana, ni kuma na daɗe ina ƙyale ku, don ta fi mini sauƙi. To ga yadda aka yi. Kuma in kun karanta, kada wanda ya zo yana ce mini "Baba, ai ya wuce." Na fi ku sanin ya wuce, da ni aka yi.

Shekarar da na ajiye aikin koyar da aikin ƙarfe a makarantar sana'a, ita ce shekarar da Yaya Garba ya baro ƙauyenmu na bayan Zurmi ya dawo wurina. Masassaƙi ne shi tun ban san hannuna na dama ba: turmi, akushi, muciya, kujerar mata, babu abin da gizagonsa bai fitar ba. Da ɓarayin daji suka hana shiga daji, itace ya gagara, sana'a ta tsaya cak. Ni na matsa masa ya taho, don hankalina ya ƙi kwanciya da zamansa can. Ya zo da jaka ɗaya da gizago naɗe cikin buhu, na ba shi ɗakin da ke jikin zaure. Daga nan sai zama. Ya yi salla, ya zauna, a kawo tuwo ya ci rabi ya ture sauran. Innarku ce ta fara lura.

"Malam, Yaya fa ba ya cin abinci. Mutumin da bai saba ci a zaune ba, ka samo masa abin yi, in ba haka ba wata rana za mu wayi gari ba ya nan."

Na ce mata na ji. Ban ji ba, hankalina yana kan jirgi.

Ku kun saba ganin ɗan jirgin saman nan rataye a ɗakina, amma ba ku san asalinsa ba. Ina saurayi na yi koyon aiki a shagon gyara na tashar jirgin ƙasa, a hannun wani tsohon makanike. Shi ya ba ni ɗan injin nan, wanda bai fi dunƙulen hannu ba, ya ce wani Bature injiniya ya bar masa. Fiye da shekara talatin yana cikin gwangwanin madara ina shafa masa mai, ina cewa in na huta zan tashe shi. Ba irin jirgin nan ba ne da ake sarrafawa daga nesa. Wannan ɗaure yake da siraran wayoyi biyu masu tsawo, kai kana tsakiyar fili riƙe da mariƙinsu, yana zagaya ka kana juyawa tare da shi. In ka ɗaga wuyan hannu ya hau, in ka sauke ya sauka, gwani kuma har alkafura yake sa shi, ya kifa shi ya tafi a rigingine. Injin ba shi da totur, ba shi da burki. In ya tashi ya tashi ke nan, sai mansa ya ƙare. Na haɗa jikin da gwangwala, na zare wayoyi daga igiyar kulocin babur, Innarku ta tatsar mini man zurma tana mita, na gauraya da sifirit. Abu ɗaya ya rage, farfela, wato 'yar fankar da ke juyawa a hancin jirgin. Tsohuwar ta itace ce, ta karye tun a hannun mai gidana makanike, rabi kawai ya saura, da lamba a jiki: 10 x 6.

Lambar nan na san ma'anarta sarai. Ta farko tsawon farfelar ne a inci, ta biyu kuma murɗinta, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya. Gajera mai murɗi da yawa gudu take bayarwa. Doguwa mai murɗi kaɗan ba ta gudu, amma ja gare ta, kuma jirgin alkafura ja yake so, don in ya miƙe sama kada ƙarfinsa ya yanke wayoyi su saki. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce jahilci ne ya ja mini. Na sani, har a allo na sha zana wa ɗalibai.

Na farko da ya fara ƙona mini rai Lawali direba ne, abokina mai jigilar Shinkafi. Na ce masa ranar kasuwa ya duba mini wurin masu kayan gwanjo ko Allah zai sa a dace da farfela goma da shida. Da yamma sai ga mota a ƙofar gida, ƙarti biyu suna sauke wani zungureren ƙarfe da ya fi ni tsawo, baƙin mai yana ɗiga. Farfelar ƙarƙashin babbar mota! Na ce, Lawali, mene ne wannan?

"Hwarhwela kac ce. Ta mai taya goma ce. Ta mai taya shida munka bincika kasuwa duk ba a samu ba."

 Na shiga ciki na ɗauko ɗan guntun itacen na nuna masa, na ce wannan nake nufi, kai ko a mafarki ka taɓa ganin an ɗaura wancan a hancin jirgi? Ya ce to shi ina ya sani, a tasha abin da ake kira farfela ke nan. Muna cikin haka sai na ji dariya daga zaure. Yaya Garba ne, karo na farko tun zuwansa. Ya miƙo hannu ya karɓi guntun, ya jujjuya shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Auta, wanga ai icce ne. Icce kake aike Shinkahi nema ina zaune?"

Washegari tun da hantsi na ji sarar gizago a zaure. Kafin la'asar ya kawo mini ita, sumul, ya kankare ta da fasasshiyar kwalba har tana sheƙi. Muna zaune a majalisa a ƙofar gida, da Lawali da wasu abokaina malamai. Ina dubawa na ga ɓarnar. Rabi ɗaya na ba shi, shi kuma da zai cika ɗayan sai ya yi shi kamar fukafukan tsuntsu, na dama yana kallon na hagu. Duk abin da ya taɓa sassaƙawa mai gefe biyu haka yake, ina laifinsa? Amma farfela ba haka take ba, in aka yi ta haka gefe ɗaya zai ja gaba, ɗayan ya tura baya. Da na yi masa bayani da hankali, da shi ke nan. Sai shaiɗan ya hau harshena, na ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Yaya, wannan ai muciya ce. A kai wa Innar yara ta tuƙa mana tuwon dare."

Majalisa ta ɗauki dariya. Shi kuwa ya karɓi abarsa ya koma ciki. Daga ranar duk wanda ya wuce ta ƙofar zaure sai ya ce, "Baba, ina labarin muciya?"

Kwana biyu ina ganinsa kwance a tabarma a falona lokacin da babu wuta, yana juya fankar sama da sanda a hankali, yana kallon yadda fukafukanta ke yankan iska. Na ɗauka tsufa ne. A rana ta uku ya zo ya ɗauki jirgin a tafin hannu yana auna nauyinsa, ya tambaye ni na Baturen da me aka yi shi. Na ce da wani itace na ƙasarsu mara nauyi. Ya tambaya, gudu nake so ko me? Na ce a'a, hawa nake so da alkafura. Ya gyaɗa kai. Ya samo maɗaci daga ƙafar wata tsohuwar kujera, ya sassaƙa guda uku, biyu shi da kansa ya karya su ya jefa a murhu. A kwanakin nan Innarku ta tare ni a tsakar gida tana murmushi, ta ce Yaya yana cinye tuwonsa tas, jiya ma har ƙari ya nema. Da ya kawo ta ukun, murɗin ya tafi daidai, wannan kam babu magana. Amma da na ɗora ta kan ma'auni sai na ga inci goma sha ɗaya, ga faɗi, murɗinta kuma bai kai na tsohuwar ba. Raina ya sake ɓaci. Na ce, Yaya, goma na ce, shida na ce, ga lamba a rubuce, me ya kai ka ƙari da ragi?

"Ni ban san inci ba. Taƙi guda da yatsu ukku ce. Jirginka ya hi na Bature nauyi, gwangwala ce. Abu mai nauyi ba a ja nai da gaggawa. Tunda muciya kac ce, ka tambayi matarka, in tuwo ya yi kauri mai hwaɗi taka sawa, ta riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganarsa ta yi daidai da abin da ke cikin littafi, kuma daga bakin mutumin da bai taɓa riƙe ma'auni ba. Na ce to, a ajiye, za a duba.

Ana haka sai ga saƙon Nasiru daga Kaduna. Kai Nasiru ba na ganin laifinka, abin da ka samu ka aiko. Baƙar farfela ce ta roba, gajera, mai ƙyalli, cikin 'yar leda, da lamba ɓaro-ɓaro a jikinta: 8 x 8. Ina gani na san ta jirgin tsere ce. Amma na ɗaura ta a kan benci na tashi injin, ya saki wata irin ƙara har kajin maƙwabta suka watse, sai na ji kaina ya kumbura. Ta Yaya ko gwada ta ban yi ba. Da safen ranar da za a tashi jirgin, Innarku tana zuba mini koko ta ce:

"Malam, ka sa ta Yaya mana. Tun asuba ya sa aka goge masa rigarsa ta Juma'a."

"Inji ɗaya gare ni a duniya. Ba zan damƙa shi ga abin da ba shi da lamba ba."

"Rage murya, yana zaure."

Ban rage ba. Har na ƙara da cewa wannan harkar ilimi ce. Na tabbata ya ji, don tsakanin inda nake da zaure zana ce kawai.

Na riga na je wurin mai unguwa na yi bayani cewa abin ɗaure yake da waya, ba ya zuwa ko'ina, don a yanayin da ake ciki ƙarar abu a sama tana iya sa gari ya watse. Bayanin nan shi ya zama shela. Bayan la'asar filin ƙwallo ya cika, har da masu rake. Jirgin irin wannan sai da mai riƙe wutsiya, wanda zai sake shi in matuƙi ya ba da alama, kuma Yaya na ba wannan aikin. Ya durƙusa da farar rigarsa, ina ganin kan farfelarsa ya leƙo daga aljihun gaba. Ya kalli baƙar da na ɗaura, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Auta, wagga gaggawa gare ta. Ba ta hawa."

"Yaya, riƙe kawai. In na ɗaga hannu ka saki. Wannan ba aikin gizago ba ne."

Na tashi injin, na ruga tsakiyar fili na ɗauki mariƙi, na ɗaga hannu. Ya saki, kuma wallahi sakin da ya yi babu wanda zai fi shi, a miƙe sak. Jirgi ya fizga kamar an harba shi. Kafin in ce bismillah ya zagaya ni sau biyu. Ku tuna ina da shekara sittin da ɗoriya, ga tumbi, ga babbar riga da na ƙi cirewa don kwalliya. Ina juyawa, ina juyawa, mutane da bishiyoyi da ragar gola duk suka haɗe suka zama abu ɗaya. Hulata ta yi nata wuri. Ina jiyo Lawali yana ta kururuwa, "Malam, taka burki! Taka burki!" Wane burki, don Allah? Hajijiya ta fara ɗibata, ga mai cike da tanki, na san ba zan kai ƙarshensa a tsaye ba. Sai na ce bari in hau da shi sama ya rage gudu. Na ɗaga wuyan hannu, ya miƙe, ya kai saitin kaina, a nan ƙarfinsa ya yanke kamar yadda aka faɗa mini. Na ji wayoyin sun saki a hannuna, lagwab, babu abin da nake riƙe da shi. Ya karkato ya yo kaina, na kwanta rub da ciki, ya wuce ta bayana ya caki ƙasa da hanci.

Filin ya ɗauki dariya da tafi. Na tashi ina tangaɗi, bakina cike da ƙasa. Fiffike ɗaya ya ruguje, baƙar farfela ta yi gutsi-gutsi, injin ya sha yashi amma bai fashe ba. Yaya ne ya fara isowa, yana kakkaɓe mini riga yana cewa sannu, ba ka ji ciwo ba? To a nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Kunya ta rufe ni, ina neman inda zan sauke ta, sai na ture hannunsa, na ɗaga murya yadda duk na kusa suka ji.

"Kai ka karkatar da shi wajen saki! Abu kaɗan aka ce ka yi, shi ma ya gagare ka!"

Ƙarya na yi, kuma ya san na san ƙarya na yi. Ya dube ni, ni da ya goya a bayansa lokacin da mahaifiyarmu ke zuwa gona. Ya zaro farfelarsa daga aljihu ya ɗora a kan tarkacen jirgin, ya juya ya nufi gida. Kwana biyu muna gaisawa sama-sama, ina jiran zuciyata ta sauka in ba shi haƙuri, ita kuma tana ce mini gobe. A rana ta uku na dawo daga masallaci da safe na tsaya hira a hanya, ina shiga gida Innarku ta ce Yaya ya bi motar Zurmi. Ita ya yi wa sallama, ya gode mata abinci, ya ce a gaishe ni. Ta faɗa mini haka ta ci gaba da wanke-wankenta, sati guda ba ta ƙara mini da komai ba sai "ga abinci."

Haushi ya sa na gyara jirgin, wai don in nuna wa kaina cewa tasa ma ba za ta yi ba. Na zura allura a hudar tsakiyarta na rataya don in ga gefen da zai rinjaya. Ta tsaya cak, babu inda ta karkata. Da gizago da fasasshiyar kwalba! Na kira Lawali muka koma fili da hantsi, lokacin da babu kowa, shi ya riƙe wutsiya. Injin bai yi kururuwar nan ba, sai wani gurnani mai daɗi. Jirgi ya tashi a natse, ina juyawa da shi kamar mai yawo a tsakar gida. Na ɗaga hannu ya hau, ya bi ta saman kaina ya sauka ɗaya gefen, wayoyi a miƙe suna jan hannuna. Na sa shi alkafura, ya yi. Na ƙara, ya ƙara. Abin da na yi shekara talatin ina jira ke nan, amma wallahi ban ji daɗinsa ba, takaici ne ya cika ni. Da ya sauka Lawali ya rugo yana tsalle yana cewa muciya ta yi aiki, na daka masa tsawar da har yau yake tuna mini.

Lokacin an datse layukan waya a yankinmu, babu halin kira, hanya kuma sai an tambaya kafin a bi. Ranar da aka ce da sauƙi na bi Lawali, na ce ya ajiye mini kujera biyu a gaba in za mu dawo. Na samu Yaya a bakin kasuwar Zurmi, a wata 'yar rumfar kara, yana gyara wa manoma ƙotar fartanya da guntayen itacen da yake tsinta. Ya rame, amma hannunsa yana aiki. Ya shimfiɗa mini buhu, muka gaisa, ya tambayi Innarku da ku ɗaya bayan ɗaya. Sannan na cire hula na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce sakinsa daidai ne, ni na yi masa ƙarya a gaban jama'a. Na ce na san tasa ce daidai tun kafin a je fili, girman kai ne ya hana ni. Na ce ya yafe mini.

"Na yahe tun kahin mota ta wuce Kaura," in ji shi, bai daina sara ba. "Kas sa ta?"

"Na sa."

"Da yam miƙe sama, waya ta saki?"

"Ba ta saki ba, Yaya. Har alkafura ya yi."

Ya ajiye gizago ya yi murmushi, irin wanda rabona da gani tun ranar ƙarfen Lawali. Na ga ƙofa ta buɗe, sai na yi maza na ce ya tashi mu tafi, ɗakinsa yana nan yadda ya bar shi, nan ba wurin zama ba ne, kowa ya san halin da ake ciki. Ya girgiza kai. Ya ce a nan in ya gyara ƙota mai ita yakan ce madalla, ya ci tuwonsa da daɗi. Na ce to ko kwana ɗaya, ya zo ya ga aikin hannunsa a sama, ya dawo.

"Ba kac ce ta yi ba?"

"Ta yi."

"To mi za ni gani?"

Ya ɗauki gizagonsa, ya jawo ƙotar da ke gabansa. Na zauna har Lawali ya gaji da danna mini oda. Yaya ya raka ni bakin mota, ya cusa mini ƙullin ƙuli-ƙuli ya ce a kai wa yara. Bai ƙara taka Kaura ba har Allah ya karɓi abinsa a daminar da ta zagayo, zazzaɓi na kwana huɗu, a ranakun da hanya ba ta biyuwa, sai bayan an rufe shi labari ya iso mini. Ranar da muka rabu ɗin, a tasha wani fasinja ya zo zai hau kujerar da ke kusa da ni, Lawali ya dube ni, ya ce wa mutumin da mai ita. Haka muka taho har Kaura babu kowa a kanta.